Rawar Bali da Ɗinkin Yara: Me Za a Ɗauka, Me Za a Bari?

Maman_Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga teloli da masu sayar da yadi da duk wanda ya san Indonesiya. Kayan yara nake ɗinkawa, daga na goyo zuwa 'yan shekara goma, kuma na gaji da ɗinkin da kowa ke yi: doguwar riga mai tattara, a zuba duwatsu a ƙirji, shi ke nan. Kwanan nan na yi ta kallon bidiyon wata rawar gargajiya ta tsibirin Bali da ake kira Legong. 'Yan mata ƙanana ne ke yin ta, an naɗe su da zane kore ko ja mai adon ruwan zinariya, ga kwala mai faɗi da ta sauko har kafaɗa, ga hula mai furanni da ke karkaɗawa in sun juya kai, ga mafici a hannu. Wallahi haɗin launin ya shiga raina. Ina so in fitar da kayan Sallar yara da wannan salon. Shin zai yiwu a mayar da shigar nan ta zama kayan da yarinya za ta sa ta yi yawon Sallah? Kuma akwai abin da bai kamata in taɓa ba a ciki? Don na ji an ce rawar tasu tana haɗe da addininsu.

Abba_Jogja:
Wa alaikumus salam Anti. A Yogyakarta nake karatu, a tsibirin Java, kuma na je Bali na ga rawar da idona a fadar Ubud, inda ake yin ta da dare don baƙi. Abin da kika ji gaskiya ne, amma da sauran bayani. Yawancin mutanen Indonesiya Musulmi ne, sai dai Bali ta fita daban, fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanenta mabiya addinin Hindu ne. Su da kansu sun kasa raye-rayensu gida uku. Akwai wali, wadda ibada ce tsantsa, a can farfajiyar ƙurya ta wurin bautarsu ake yin ta, irin su Rejang da Sanghyang Dedari da Baris Upacara. Akwai bebali, mai rakiyar bukukuwan addini a farfajiyar tsakiya, irin su Gambuh da Wayang Wong. Sai balih-balihan, ta kallo da nishaɗi. Tun 1971 masanansu suka zauna suka yi wannan rabon, saboda 'yan yawon buɗe ido sun fara yawa, ana tsoron a riƙa ɗauko rawar ibada ana yi wa baƙi a otal. A 2015 UNESCO ta sa rukunonin uku cikin jerin al'adun gado na duniya, da raye-raye tara.

Legong ɗin da kika gani tana rukuni na uku, asalinta rawar fada ce. To ba ki ɗauko mafi nauyi ba. Amma kar ki ɗauka ba ruwanta da addini kwata-kwata. Kafin a fara kiɗa sai an ajiye ɗan faifan furanni na sadakarsu an kunna turare, kuma akwai tsofaffin huluna da fuskokin rawa da ake ajiyewa a wurin bauta, ba kowa ke taɓa su ba.

MalamSani_Zariya:
Allah Ya saka wa Abba da alheri. Hajiya, kin kyauta da kika yi tambaya kafin ki sa almakashi. Launi ba shi da addini. Kore da ja da ruwan zinariya na kowa ne, haka zanen ganye da fure. Abin da za ki kiyaye shi ne alamomin bautarsu, da surar abin da suke bauta wa, da fuskokin dodanninsu. Hadisin labulen Nana A'isha mai hotuna sananne ne, kuma yarinyar nan da kayan za ta je filin Idi. Sai maganar sutura: na ga wasu hotunan rawar nan kafaɗun yaran a buɗe suke. Wannan ba namu ba ne, ko ga ƙaramar yarinya, don abin da aka saba wa yaro da shi yake tashi.

Abba_Jogja:
Allah gafarta Malam, mai kafaɗa a buɗe galibi Pendet ce, rawar maraba, wadda suke riƙe da kwanon azurfa cike da furanni su watsa wa baƙi. Ita Legong da riga mai dogon hannu ake yin ta, har wuyan hannu. Daga wuya zuwa idon sawu a rufe take, sai dai a matse.

UmmuAffan:
Ni dai uwa ce, ba tela ba. Don Allah Maman Iman, duk abin da za ki yi ki tuna da zafinmu. Sallar bara na kai wa wani tela ɗinkin 'yata, ya cika wuyan da raga mai ƙyalli da duwatsu, bai sa shafi ba. Ko azahar ba a yi ba yarinya ta tuɓe rigar tana kuka, wuyanta duk ya yi ja da ƙurajen zafi, har yau rigar na cikin akwati. Waccan kwalar da nake gani a hoton Bali, in aka yi ta da tauri haka, ba yaron da zai wuni da ita.

Abba_Jogja:
Maganar Ummu Affan ita ce zuciyar zancen. Na tsaya ta bayan dandali na ga yadda ake shirya yaran. Da farko a ɗaura zanen a matse har idon sawu, shi ya sa takunsu ƙanana ne. Sannan a ɗauko wata siririyar ɗamara mai tsawon mita da yawa, yarinya ta ɗaga hannu, wata babba tana zagaya ta tana ja, tun daga ƙugu har ƙirji, layi kan layi, ana kafe shi da allura. Na ga wata yarinya tana jan numfashi a hankali tana jira a gama. A kan wannan ake ɗora kwalar, da wani dogon ƙyalle da ke saukowa ta gaba, da ado a ƙugu. Kwalar da hular na fatar saniya ne da aka huda da zane aka shafe da ruwan zinariya, furannin kuma an soke su a kan siririyar waya don su riƙa rawa. Shi kansa zanen, wanda suke kira prada, shafa masa zinariyar ake yi a sama da gam, a dā ganyen zinariya na gaske, yanzu yawanci fenti. Ba a wanke shi, shanya shi kawai ake yi. Kayan dandali ne, ana gama rawa ake kwance su.

Kayan da yaran Bali ke sawa ranar biki daban ne, kuma ina ganin su ya kamata Anti ta fi dubawa: zane da suke kira kamen, riga kebaya, da ɗamara mai launi a ƙugu. A cikinsu suke guje-guje da cin abinci.

Nas_Rabi:
Bari in sa baki ta fannin aikina. Duk abin da zai iya ɓallewa, dutse ko ƙaramin maɓalli ko furen roba, kar ya kusanci kayan yaron da bai kai shekara uku ba. Baki suke kaiwa, wasu hanci, kuma muna ganinsu a asibiti. Igiya ko ƙyalle mai ɗaurewa a wuya ma a bar shi. A Tarayyar Turai ƙa'ida ta hana sa igiyar ɗauri a wuya ko hular rigar yaran da ba su kai shekara bakwai ba, saboda shaƙewa. Sai fentin zinariya na kasuwa da ba a san abin da ke cikinsa ba. Wasu fentukan masu arha na ɗauke da dalma, yaro kuma tsotsar kwala yake yi. Mun san abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. In zinariya kike so ki yi da zare.

Dan_Dala:
Ni fa abin da ban gane ba, me ya kai mu Bali? Muna da saƙi, muna da rinin Ƙofar Mata, muna da aska takwas da surfanin hannu, muna da shigar 'yan Koroso in rawa ake nema. Hawan Sallar Kano ma UNESCO ta sa shi a jerinta a 2024. Kullum idonmu na kan kayan wasu, marinanmu na zaune ba ciniki.

Zango_Kumasi:
Yaya Dan Dala, atamfar da ke jikin iyayenmu daga ina ta fito? Daga batik na Indonesiya. Turawan Holan ne suka mulki ƙasar, suka kwaikwayi rinin kakin zuma na can da inji don su sayar musu, mutanen can ba su karɓa sosai ba, sai kasuwar ta buɗe a gaɓar Afirka ta Yamma, musamman nan Ghana. Kamfanin atamfa na Vlisco da ke garin Helmond a Holan tun 1846 yake. Har yau akwai nau'in atamfar da ake kira Java a kasuwa. Yanzu wa zai ce atamfa ba tamu ba ce? Aro ba laifi ba ne in an san daga inda aka aro.

Sadiya_Kt:
Ashe dai batik ɗin na Bali ne, to ai sai Maman Iman ta yi da atamfa kawai, an dawo gida.

Abba_Jogja:
A'a Sadiya, gidan batik Java ne: Yogyakarta, Solo, Pekalongan, Cirebon. Ana sayar da shi a Bali, ana ma yin sa, amma abin da Bali ta yi suna da shi saƙa ce. Akwai endek, saƙar hannu da ake rina zarenta kafin a saƙa, akwai songket mai zaren zinariya ko azurfa da ake sawa a aure da manyan bukukuwa, akwai prada da na faɗa, sai geringsing na ƙauyen Tenganan a yankin Karangasem. Shi geringsing shekaru ake ɗauka kafin a gama guda ɗaya saboda rininsa, kuma suna ɗaukarsa kariya ne daga cuta, a bukukuwan addini ake sa shi. Wannan kam ba na yankawa a yi rigar yara ba ne.

Dan_Dala:
Na ji tarihin atamfa, ban musa ba. Amma ku duba abin da ya biyo baya: masaƙun Kaduna da Kano sun rufe, kuɗin atamfa waje yake tafiya. Abin da nake cewa, in salon Bali ya burge ta, ta ɗauki salon ta kai wa marinanmu da masu aikinmu. Kar a sake buɗe wata ƙofar shigo da yadi.

Hajiya_Kwari:
Dan Dala yana da gaskiya ta wani gefen. Ni a kasuwa nake, kuma ina gaya muku in kun ga yadi mai irin wannan zanen a nan, kusan duk bugun inji ne daga Sin. Ba laifi a sayar da shi, amma kar a ce wa mutane saƙar Bali ce. Maman Iman, in launin kike so, akwai shadda mai laushi da yadin auduga kore shar da ruwan goro da jan wuta, a kai wa mai aiki ya zuba zaren zinariya a baki. Ya fi miki sauƙi, kuma uwa za ta iya wankewa.

Alhaji_Fatauci:
Ina zuwa Jakarta sayayya. A kasuwar Tanah Abang ma yawancin abin da za a nuna maka bugun inji ne. Mai son endek na gaske sai ya sauka Bali, ya je kasuwar Klungkung ko layin 'yan yadi na Jalan Sulawesi a Denpasar. Yadda ake yin sa ya sa ya yi tsada. Ba a jikin yadi ake yin zanen ba, a jikin zare ake yi tun kafin saƙa. Za a shimfiɗa zaren kwance a kan katako, a ɗaɗɗaure wuraren da ba a so rini ya shiga, a tsoma, a kwance, a ƙara wasu launukan, sannan a hau masaƙar hannu, mai saƙa tana daidaita kowane zare da yatsa don zanen ya haɗu. Shi ya sa bakin zanen ba ya fita tsaf, yana ɗan yin hazo-hazo. Ku juya bayan yadin: in gaba da baya iri ɗaya ne, saƙa ce. In bayan ya yi fari-fari, bugu ne. Na auduga yana da sanyi a jiki, zai yi wa yara. Wankin farko yakan zubar da launi, a wanke shi shi kaɗai da hannu, a shanya a inuwa.

TelaDamagaram:
Salamu alaikum. Ɗiyata Maman Iman, na daɗe a kan keke, bari in ba ki abin da na sani. Na buɗe hoton na duba da kyau. Abin da ya ja idonki tsari ne, hawa-hawa: faɗi a kafaɗa, matsewa a tsakiya, doguwar tsaye ta gaba, sannan nauyin ado a ƙasan zane. In kin riƙe wannan tsarin kin samu Bali, ko da babu fata babu fenti.

Kwalar, ki yanke ta zagaye kamar faifai, yadi biyu, ki sa gam mai laushi a tsakiya, ba irin na kwalar manya ba. Shafin da zai taɓa fata ya zama auduga tsantsa. Kar ta wuce ƙashin kafaɗa, in ta wuce yarinya ba za ta iya ɗaga hannu ta ci abinci ba. Ɗamarar nan da Abba ya ce ana naɗawa, ke ba naɗawa za ki yi ba. Ki jera siraran ƙyallaye a karkace ki ɗinke su a gaban rigar, su ba da kamannin naɗi, bayan kuma ki sa roba. Zanen ƙasa ki yi shi siket mai ninki a gaba, daga waje kamar ɗaurin zane, daga ciki da faɗin da za ta yi gudu. Ki bar ninki a ƙasa don a saki baɗi, iyaye na son haka.

Maman_Iman:
Baba na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara girma. Wannan dabarar ta ƙyallaye a karkace ban taɓa tunaninta ba. Ummu Affan na ji ki, shafin auduga dole. To zanen da za a yi aikin da shi fa? Ina tsoron in kwafo wani abu daga intanet ya zama alamar bauta ban sani ba.

Fati_Zane:
Anti wannan fannina ne, zane nake yi wa masu aikin kwamfuta. Adon Bali, na sassaƙa da na yadi, shi ma gida-gida ne. Akwai keketusan, ƙananan zane masu maimaituwa da ake jerawa a baki, kamar mai siffar ƙwayar kokwamba da suke kira batun timun, da mai siffar dodon koɗi, kakul-kakulan. Akwai pepatran, ganyaye da furanni masu murɗewa suna bin juna, irin su patra punggel da patra sari. Sai kekarangan, wato fuskoki: ta giwa, ta hankaka, da karang boma, waccan fuskar mai manyan idanu da haƙora da ake sawa a saman ƙofar wurin bauta. Na farko da na biyu su ne naki. Na ukun ki bar musu. Ki kula kuma, a tsakiyar wasu zanukan akwai rubutunsu mai tsarki ko alamar swastika, wadda a wurinsu alamar addini ce tun fil azal. Ki ƙara girman hoton ki duba kafin ki tura wa mai aiki. Ga yara ni na fi son batun timun, don ƙanana ne, ba sa cin zare, ba sa sa yadi ya yi tauri.

Baban_Haidar:
Duk maganar mata ake yi. Mu masu 'ya'ya maza fa? Kullum kaftani da hula.

Abba_Jogja:
Akwai rawar maza, Baris, ta mayaƙa. Yara maza da ita suke fara koyo. Shigarta farin wando ne da riga, sai ƙyallaye masu launi daban-daban da ke rataye daga kafaɗa su kewaye jiki, in ya juya sai su buɗe. Hular mai tsini ce, an jera mata ɓawon kifin teku masu ƙyalli suna karkaɗawa. Na yau da kullum kuma, farar riga mai maɓallai, zane, wani gajeren zane a sama da ake kira saput, da ɗaurin kai udeng. Ina ganin za a iya yin 'yar falmaran da endek a ɗora kan farin kaftani, ko a sa shi a wuya da bakin hannu da aljihu.

MalamSani_Zariya:
Ga maza sai a kula da alhariri da zinariya. Haram ne ga namiji baligi, ga yaro kuma malamai sun yi saɓani, barin shi ya fi. Zaren ƙyallin da ke kasuwa yanzu ba zinariya ba ne, launi ne kawai, wannan ba komai. Amma songket da endek akwai na alhariri, Alhaji sai a riƙa tambaya kafin a saya.

Fati_Zane:
Ga maza ni abin da ya fi burge ni shi ne yadinsu mai dara-daran baƙi da fari, poleng. A wandon yaro ko aljihu zai yi kyau sosai.

Abba_Jogja:
Fati, nan ne zan ce a dakata. Poleng ba ado ba ne a wurinsu. In kin zaga Bali za ki gan shi ɗaure a gindin manyan bishiyoyi da gumaka da duwatsu, alamar cewa wurin na da mai shi a imaninsu. Baƙin da farin na nufin abubuwa biyu masu kishiyantar juna da dole su zauna tare, abin da suke kira rwa bhineda. Masu tsaron gargajiya na unguwa, pecalang, suna ɗaura shi, haka mazan da ke rawar Kecak.

Fati_Zane:
Amma dara-daran baƙi da fari ai ko'ina akwai shi. Yana jikin hirami, yana jikin kayan makaranta. Ba Bali ta ƙirƙiro shi ba. In na yi wa yaro wando da shi ba wanda zai ce na yi bauta.

TelaDamagaram:
Ɗiyata Fati, ku biyun kuna da gaskiya, amma ki duba wannan. Farin yadi na kowa ne, a kasuwa ake sayen sa. Amma in ka naɗa shi rawani ka fitar da kunnuwa biyu ka shiga fadar Kano kai ba ɗan sarki ba, za a tambaye ka. Dara-dara shi kaɗai ba komai. In kin haɗa shi da kwalar Bali da zanen Bali kin kira kayan da sunan Bali, to ya zama poleng, ba hirami ba.

Fati_Zane:
Na ji Baba, amma har yanzu ina ganin in ƙananan dara ne a aljihu ba matsala. Nasu manya-manya ne.

Zango_Kumasi:
Maganar suna da Baba ya taɓo tana da muhimmanci. Mutanen Indonesiya ba sa wasa da wannan. A 2009 an nuna rawar Pendet a wata tallar shirin talabijin game da Maleshiya, Indonesiya ta ɗauki zafi har gwamnati ta shiga maganar, tashar da ta yi tallar ta ba da haƙuri. Mu ma nan Ghana haka muke ji in an buga kente, saƙarmu ta gargajiya, a inji a waje an kawo mana.

Alhaji_Fatauci:
Kuma akwai misalin yadda ake yi da kyau. Kamfanin ɗinki na Faransa, Dior, ya yi amfani da endek a kayan da ya nuna a Paris a ƙarshen 2020, daga baya a farkon 2021 ya sa hannu a yarjejeniya da gwamnatin lardin Bali, cewa yadin da zai riƙa amfani da shi na masaƙan hannu ne na Bali. A 2021 ɗin ce gwamnan Bali, Wayan Koster, ya fitar da takarda cewa a riƙa sa endek duk ranar Talata. Za ka ga ma'aikata da 'yan makaranta da shi. To endek yadin sawa ne na yau da kullum, ba wanda zai ji haushi don yaron Kano ya sa, masu saƙar ma murna za su yi da ciniki.

Dan_Dala:
Kun gani? Gwamnansu ya ware rana don saƙarsu. Mu wace rana muka ware wa saƙi?

Malama_Hauwa:
Ina koyarwa a makarantar rainon yara, kuma kullum muna neman kayan bikin ƙarshen zango. Abba, na ga wata rawar tasu da yara ke buɗe siket kamar fikafikan tsuntsu. Wace ce?

Abba_Jogja:
Mai yiwuwa Cendrawasih ce Malama, rawar tsuntsun aljanna na Papua. Sabuwa ce, wata mai tsara rawa, Swasthi Wijaya Bandem, ta fitar da ita a 1988, kuma ba ta ibada ba ce. Ƙyalle ne mai faɗi a ɗaure a ƙugu, suna kama bakinsa da yatsu su buɗe. Akwai ire-irenta da yawa da aka tsara don yara, na tsuntsaye da zomaye da makiyaya. A bikin fasaha na Bali da ake yi a Denpasar duk shekara tsakanin Yuni da Yuli, tun 1979, ƙungiyoyin yara na fitowa da su.

Nas_Rabi:
Fikafikai a dandalin makaranta ba laifi. Amma kar a sa su a kayan yawon Sallah. Yaranmu a bayan babur ake ɗaukar su, kuma dogon ƙyalle da tayar babur ba sa haɗuwa. Ga murhu a tsakar gida ranar Sallah, yadin roba kuma narkewa yake ya manne a fata.

UmmuAffan:
Hular furannin fa? Ita ce ta fi burge 'yata da na nuna mata.

Maman_Iman:
Hular na bar ta, tunda Abba ya ce akwai masu tsarki a cikinsu, kuma waya a kan yaro ba ta kwanta min ba. Abin da na yi tunani shi ne ɗankwali ko ƙaramin hijabi da aka yi wa aikin farin fure mai rawaya a tsakiya, irin wanda suke saƙalawa a kunne. Na yanka gwaji ɗaya a kan 'yar shekara biyar: koren yadin auduga, kwala yadda Baba ya ce, ƙyallaye ja da ruwan goro a karkace, batun timun a bakin siket. Matsalata kwalar tana tashi ta baya in yarinya ta sunkuya. Kuma ban yanke shawarar suna ba. In na rubuta “salon Bali” ina tsoron wasu iyaye su ce kayan masu bautar gumaka ne, in ban rubuta ba kuma kamar na ɓoye inda na samo.

MalamSani_Zariya:
Ki faɗi gaskiya in an tambaye ki. Tsari ne da launi kika aro, ba aƙida ba.

Hajiya_Kwari:
Malam, a kasuwa ba a tsayawa dogon bayani. Mace ɗaya ta ce “na Hindu ne” a gidan biki, kaya sun kwanta. Ni dai da ni ce sunan fure zan sa musu.

Zango_Kumasi:
Hajiya, to in ya karɓu wasu suka kwafa, nan da shekara biyu ba wanda zai san daga ina ya fito. Ko a ɗan katin da ke rataye a jikin rigar a rubuta layi ɗaya.

Dan_Dala:
Maman Iman, ki yi min guda ɗaya da shuɗin Ƙofar Mata, aikin da farin zare maimakon zinariya. Zan saya wa 'yar ƙanwata, mu ga ko ba zai fi koren ba.

TelaDamagaram:
Kwalar na tashi ne don kin yanke zagayen wuyan ya fi na rigar faɗi, kuma bayan ya yi gajarta. Ki rage zagayen kaɗan, ki ƙara wa bayan kamar santimita biyu ya fi gaban nauyi, sannan ki kama ta da ɗinki a kan kafaɗu biyu da tsakiyar baya ta ciki, inda ba a gani. Kar ki sa maɓallin matsawa, Rabi ta riga ta faɗi dalili. In za ki yi na Dan Dala, ki wanke shuɗin sau da yawa kafin mai aiki ya taɓa shi, in ba haka ba baba zai shiga farin zaren tun wankin farko.